Tsibirin Kirit na ƙasar Girka: amsoshin tambayoyin da kuka dame ni da su

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na dawo daga Kirit wayata ba ta huta ba, wannan ya tambayi biza, wancan abinci, wata Hajiya kuma so take kawai ta ji ko za ta iya zuwa da hijabinta ba a kalle ta ba. Na gaji da maimaita magana ɗaya shi ya sa na tara tambayoyin wuri guda, wanda ya sake tambayata nan zan turo shi.

Wai nan ne wurin fararen gidajen nan masu shuɗiyar ƙubba da ake gani a Instagram?

A'a, wancan Santorini ne, ɗan ƙaramin tsibiri ne can arewa da Kirit. Shi Kirit, wanda Girkawa ke ce wa Kriti, shi ne tsibiri mafi girma a duk Girka kuma na biyar a Bahar Rum, tsawonsa daga gabas zuwa yamma kusan kilomita 260, mutanensa sun haura dubu 600. Kalmar tsibiri ce ke yaudarar mutane, sai ka ɗauka wuri ne da za ka zaga da yamma ka dawo masauki kafin magariba. Ina! Duwatsu ne suka raba shi gida-gida, mafi tsawonsu Psiloritis mita 2,456 ne, da sanyi har dusar ƙanƙara ke rufe shi. Manyan garuruwan duk a gaɓar arewa suke a jere, Haniya a yamma, sai Retimno, sai Iraklio babban birni, sai Ayos Nikolawos a gabas. In za ka nema a taswirar waya Haniya ana rubuta ta Chania, Iraklio kuma Heraklion.

Ya maganar biza, kuma ta ina ake bi?

Girka tana cikin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, saboda haka mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana sai da biza, kuɗinta Yuro 90 ga babba ban da na masu karɓar takardu, sannan dole ka yi inshorar lafiya da ta kai ta Yuro 30,000, ga shaidar masauki da tikitin dawowa da takardar banki. Girka na da ofishin jakadanci a Abuja. Ka nema da wuri dan Allah, ana karɓa tun saura wata shida tafiya, kar ka bari sai saura sati biyu ka zo kana cewa a taya ka da addu'a.

Babu jirgi kai tsaye daga wajenmu, sai ka yada zango a Istanbul ko Alƙahira ko Addis Ababa ka sauka Atina, babban birnin Girka. Daga Atina jirgin sama bai cika awa ɗaya ba zuwa Iraklio ko Haniya. Akwai kuma jirgin ruwa daga Piriyos, tashar jiragen ruwan Atina, ya tashi da dare ya isa da asuba, wajen awa tara, ni shi na bi da tafiya kuma ban yi nadama ba, ka yi sallar asuba a saman jirgi kana hango duwatsun tsibirin suna fitowa daga duhu, abin ba a magana.

Kwana nawa zai ishe ni?

In sati ɗaya gare ka zaɓi ɓangare ɗaya ka zauna masa, ko yamma ko tsakiya da gabas. Kuskuren da na yi kenan, na so in ga komai, na ƙare rabin hutuna a cikin mota. Iraklio zuwa Haniya kaɗai kilomita 140 ne, a bas kusan awa uku, kuma wannan babbar hanya ce mai kyau, da ka juya kudu hanya ta zama maciji tana nannaɗe dutse, kilomita 70 sai ta ci maka awa biyu. Ni da za a tambaye ni, wanda bai taɓa zuwa ba ya yi kwana biyu a Iraklio saboda tarihi, sauran ya tare a Haniya.

Kinosos ɗin da kowa ke ambata mene ne, ya cancanci kuɗin shiga?

Kufan wata tsohuwar fada ce, kilomita biyar kudu da Iraklio, bas ɗin cikin gari ma na kai ka har ƙofa. Mutanen da suka gina ta ana ce musu Minowa, fadar farko an gina ta wajen shekara 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato kusan shekara dubu huɗu kenan, kuma tun lokacin suna da bene hawa-hawa da magudanar ruwa ta bututun yumɓu a ƙarƙashin ƙasa da rumbuna cike da manyan randuna waɗanda sun fi mutum tsawo, na ajiyar man zaitun da hatsi. Wani ɗan garin mai suna Minos Kalokairinos ne ya fara tono wurin a 1878, sai Baturen Ingila Arthur Evans ya sayi filin ya fara nasa aikin a 1900.

Toh a nan gardamar take. Evans bai tsaya ga tono ba, sai da ya sake gina wasu sassan da siminti ya shafa musu fenti yadda yake ganin da can suke, jajayen ginshiƙan nan da kake gani a hoto aikinsa ne. Masana da yawa har yau haushinsa suke ji. Ni kam ra'ayina biyu ne, ya yi karambani gaskiya, amma ba don karambanin nasa ba irina da ba masani ba tarin duwatsu kawai zan gani in wuce. In kana son wadda ba a taɓa ba je ka Faistos a kudu, tana kan tudu tana kallon kwarin Mesara, ba cunkoso, iska na kaɗawa. A 2025 UNESCO ta sa su biyun da wasu fadoji huɗu na tsibirin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Tatsuniyar Girkawa ta ce a nan Sarki Minos ya ɓoye wani dodo mai jikin mutum da kan sa a cikin gini mai ruɗaɗɗun lunguna, wanda ya shiga ba ya fita. In ka ga yawan ɗakuna da lungunan fadar za ka gane inda tatsuniyar ta samo asali. Ka je da sassafe da an buɗe, inuwa kaɗan ce a wurin, kuma da ƙarfe goma ta yi motocin masu yawon buɗe ido sun cika wurin maƙil.

Gidan tarihi fa? Ni irin wuraren nan barci suke sa ni

Wannan ba zai sa ka ba. Ainihin kayan da aka tono a Kinosos suna gidan tarihi na Iraklio, na can fadar yawanci kwafi ne. Akwai zanen bango na matasa suna tsallake bijimi, ɗaya ya kama ƙaho ɗaya na wuntsilawa ta gadon bayansa, wallahi ina gani hawan ƙaho na mahautanmu ya faɗo mini a rai. Akwai kuma faifan Faistos, ɗan faifan yumɓu ne da bai fi tafin hannu biyu ba, wani ɗan Italiya Luigi Pernier ya gano shi a 1908, an buga masa alamomi 241 gaba da baya suna zagayawa kamar nannaɗen tabarma, kuma har yau babu mahaluƙin da ya iya karanta shi. In da hali fara da gidan tarihin sannan ka je fadar, sai ka fi gane abin da kake kallo.

Da gaske Musulmi sun taɓa mulkin wurin?

Sau biyu ma, kuma wannan ne ya fi ba ni mamaki don ban taɓa jin sa a makaranta ba. Na farko wasu mutanen Andalus ne da aka kora daga birnin Kurɗuba, a Sifen ta yau, bayan tawayen da suka yi wa Sarki Alhakam a 818, suka zauna Iskandariyya, can ma aka kore su, sai suka shigo jiragen ruwa ƙarƙashin Abu Hafs Umar suka ci tsibirin a shekarun 820. Larabawa na kiransa Iƙriɗish. Suka kafa birni suka haƙa masa gwalalo, suka sa masa suna da Khandaƙ, kalmar nan dai da muka sani ta Yaƙin Khandaƙ. Wannan birnin shi ne Iraklio ta yau, sunan ne Rumawa suka juya Handakas, mutanen Benis na Italiya, da suka mulki tsibirin bayan Rumawa, suka juya Kandiya. Masarautar ta yi sama da shekara 130 kafin Rumawa su ƙwace a 961.

Na biyu Turkawa ne, Daular Usmaniyya ta Istanbul fa, ba tamu ta Sakkwato ba. Sun karɓi Haniya daga hannun mutanen Benis a 1645, Retimno a 1646, amma Iraklio sai da suka yi mata ƙawanya shekara 21, daga 1648 zuwa 1669. In ka hau ganuwar birnin ka ga kaurinta za ka gane dalili. Da yawa daga Musulmin Kirit ba Turkawa ba ne, 'yan ƙasa ne da suka musulunta, Girkanci suke yi a gida. Tsibirin ya haɗe da Girka a 1913, sannan yarjejeniyar musayar jama'a ta 1923 tsakanin Girka da Turkiyya ta kwashe ragowar Musulmin gaba ɗaya zuwa Turkiyya. Wasu tun kafin nan sun yi hijira, akwai wani gari Hamidiyya a gaɓar Siriya da jikokinsu ke zaune har yanzu suna jin Girkancin Kirit.

Kuma kar mu ba da labarin ɓangare ɗaya. Su Kiristocin tsibirin mulkin Turkawa a wurinsu mulkin mallaka ne, sun yi ta tawaye. A gidan ibadar Arkadi kusa da Retimno, a Nuwamban 1866, ɗaruruwan mutane yawancinsu mata da yara da aka yi wa ƙawanya suka zaɓi a cinna wa rumbun albarushi wuta da su a ciki maimakon su miƙa wuya. Wurin yana nan ana ziyarta, kuma yana da girma sosai a zuciyarsu, in ka je ka kama bakinka ka girmama.

Toh akwai masallatan da za a yi salla?

Gine-ginen suna nan amma ba a salla a cikinsu. Na bakin tashar ruwan Haniya mai ƙubba, masallacin Kucuk Hasan, wurin baje kolin zane-zane ne yanzu. Na Neratse a Retimno mai doguwar hasumiya ya zama wurin koyon kiɗa. A Iraklio cocin Ayos Titos ginin masallaci ne aka mayar, da ka dube shi ka gani. A unguwar Splantsiya ta Haniya kuma akwai cocin da ke da hasumiyar ƙararrawa a gefe ɗaya da hasumiyar kiran salla a ɗaya gefen, na daɗe a tsaye ina kallonta, abin da ban tausayi da ban mamaki.

A manyan garuruwan akwai baƙi Musulmi 'yan ci-rani da ke da ƙananan wuraren sallarsu, ba alama a waje, sai ka tambaya a shagunan Larabawa ko 'yan Pakistan. In ba haka ba ɗakinka ya ishe ka, kai matafiyi ne. Alƙibla kudu maso gabas take ba gabas ba, kar ka bi sabo. Kuma da bazara rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi, sa manhajar lokutan salla a waya.

Haniya da Retimno wanne ya fi?

Haniya, ba ko tantama, duk da ta fi cunkoso da tsada. Tsohuwar tashar jiragen ruwanta da yamma abin kallo ce, ka bi ta kan katangar da ta shiga teku har hasumiyar fitila, wadda Misirawa suka sake ginawa lokacin da tsibirin ke hannun Muhammad Ali Basha mai mulkin Misira tsakanin 1830 da 1840, shi ya sa ta yi kama da hasumiyar masallaci. Akwai layin dukawa da ake ce wa Skridlof, takalma da jakunkunan fata, ɗan Kano sai ya yi murmushi kawai. Akwai layin maƙeran wuƙaƙe, suna zana baitin waƙa a jikin wuƙar, amma in ka saya sa ta a babbar jaka kar a ƙwace a filin jirgi. Unguwar Kum Kapi da ke gabas da ganuwa, inda yanzu duk wuraren shan kofi ne a bakin ruwa, a ƙarni na 19 ƙauyen baƙaƙen fata da mutanen Bangazi ne masu dako a tashar jirgi, wasunsu ta hanyar bauta aka kawo kakanninsu. Yau ba abin da ya rage na bukkokinsu.

Retimno ta fi natsuwa. Hau ganuwar Fortetsa da mutanen Benis suka fara ginawa a 1573, akwai masallacin Sultan Ibrahim a ciki mai ƙatuwar ƙubba, ka sauko ka ɓata a lunguna. Yini ɗaya ya isa.

Kwazazzabon Samariya, mutum irina mai tumbi zai iya?

Malam ka auna kanka da gaskiya kafin ka shiga, domin in ka yi nisa ba mota ba acaɓa, ƙafarka ce kawai. Tafiyar kilomita 16 ce, ana farawa daga Ksiloskalo a kan tudun Omalos, sama da mita 1,200 daga teku, a gangara har ƙauyen Ayiya Rumeli a bakin tekun da ke fuskantar Libiya. Mutane na jin gangara sai su ce ai da sauƙi. Gangarar ce matsalar, kilomita na farko-farko matakala ce ta duwatsu mai tsananin gangara, gwiwa ke biyan kuɗin, sauran kuma tsakuwa da duwatsun rafi kake takawa awa biyar zuwa bakwai. Ni kwana biyu na yi ina sauka daga bene da baya kamar tsohuwa.

Amma fa ya biya. Ka fara cikin itatuwa masu ƙamshi da sanyin safiya, ka ratsa tsohon ƙauyen Samariya da aka tashi mutanensa lokacin da aka mai da wurin gandun gwamnati a 1962, a nan ake yawan ganin kiri-kiri, akuyar dajin Kirit mai lanƙwasasshen ƙaho. Can kusa da ƙarshe sai bangon dutse biyu su matso har faɗin ya rage 'yan mitoci kaɗan, tsawonsu sama kuwa wajen mita 300, ruwa na gudu ƙarƙashin ƙafarka, sai ka ji ka zama ɗan mitsitsi, tasbihi kawai ke fitowa.

Ana buɗewa ne daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma in ana ruwan sama ko zafi ya yi tsanani rufewa ake yi. Ruwan sha akwai maɓuɓɓuga a hanya, gora ɗaya ta isa ka riƙa cikawa. Takalmi mai kauri, ban da silifas dan girman Allah. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Ayiya Rumeli babu hanyar mota, jirgin ruwa ne zai fitar da kai da yamma zuwa Sfakiya ko Suya inda bas ke jira, in ya tafi ya bar ka sai kwana. Wanda ya san ba zai iya ba ya je kwazazzabon Imbros, rabin wannan ne, kilomita takwas, da yara ma ana yi.

Wane bakin teku ya fi kyau? Kuma ya maganar tsiraici?

Biyu ne suka yi suna, duk a yamma. Elafonisi shi ne mai rairayi ruwan hoda, garin ɓawon ƙananan halittun ruwa ne ya ba shi launin, amma kar hoto ya ruɗe ka, a ido layi-layi ne a bakin ruwa ba kamar yadda ake ƙara masa kala a waya ba. Ruwan bai da zurfi, wuri da yawa iya gwiwa, ya dace da yara. An hana ɗibar rairayin. Balos kuma ganinsa daga saman dutse ya fi shigarsa, ana zuwa ta jirgin ruwa daga Kisamos ko ta wata hanyar burji mai ƙura wadda yawancin masu ba da hayar mota ba sa yarda a bi da motarsu, ɗauki jirgin kawai, yana tsayawa tsibirin Grambusa mai ganuwa a kan dutse. Can ƙarshen gabas akwai Vai, dajin itacen dabino a bakin teku, Turawa na ta mamaki, mu kam ba baƙon abu ba ne, kuma 'ya'yan ma ba sa ciyuwa, ban ga dalilin yin awanni a mota dominsa ba.

Tsiraici kuwa akwai shi, bakin tekun Turai ne, Yuli da Agusta sai runtse ido. Mafita ita ce sammako, ƙarfe bakwai zuwa tara wurin naka ne kai da iyalinka, ko ka zo a Mayu ko Oktoba. Wasu ɓoyayyun lungunan gaɓar kudu na masu zama zindir ne gaba ɗaya, tambayi mai masaukinka kafin ka kwashi yara.

Hajiya ke tambaya: hijabi zai jawo mini matsala?

Hajiya ba doka da ta hana, kuma a garuruwan da baƙi ke zuwa ba wanda zai kula. A ƙauye za a kalle ki, amma yawanci kallon baƙunta ne, tsofaffin matansu ma baƙaƙen kaya da ɗankwali suke sawa. A gidajen ibadarsu ma ke ce mai riba, masu gajeren wando ake tsayarwa a ƙofa. Fasfo dai ko kwafinsa ya kasance a jiki kullum, ke da Alhaji, saboda 'yan shekarun nan kwale-kwalen 'yan gudun hijira daga gabashin Libiya na yawan sauka kudancin Kirit da ɗan tsibirin Gavdos, baƙar fata na iya haɗuwa da ɗan sanda mai tambaya.

Me zan ci? Ina tsoron alade

Tsoronka na kan hanya. Naman nan da ake gasawa a tsaye ana yankawa kamar shawarma, giros, da tsiren su suvlaki, in ba a ce maka komai ba to alade ne. Haddace kalmar hirino, ita ce alade. Kotopulo kaza, arni rago, katsiki akuya, psari kifi. Akwai wani kyafaffen nama apaki, kamar kilishi a ido, alade ne shi ma. Maganar yanka kuma kowa ya san matsayinsa, wanda bai natsu ba ga kifi ga ganye, ba za ka ji yunwa ba wallahi. Ka riƙa tambaya ko an sa krasi a miya, wato giyar inabi, suna dafa nama da ita wani lokaci.

Dakos shi ne abincin da na fi ci, busasshen burodin sha'ir ne mai tauri a jiƙa shi da tumatir da man zaitun a barbaɗa cuku. Suna cin kuɓewa, bamiyes suke ce mata, amma da tumatir suke dafa ta guda-guda ba yauƙi, an ɓata kuɓewa in ka tambaye ni. Akwai horta, dafaffen ganyen daji da man zaitun da lemon tsami, kwaɗon rama ne ba ƙuli. Akwai gamopilafo, shinkafar biki da ake dafawa a romon akuya ko rago, da wainar Sfakiya mai cuku a ciki a zuba zuma a kai. Dodon koɗi ma suna soyawa, na bar musu kayansu.

Sai babban tarko: in ka gama ci za a kawo maka 'yar kwalba da farin ruwa garau da ɗan kayan zaƙi kyauta. Ba ruwa ba ne, raki ne ko cikudiya, barasa mai ƙarfi. Karamci ne a wurinsu, ka dafa ƙirji ka ce efharisto, wato na gode, ka ci kayan zaƙin ka bar kwalbar, ba wanda zai ji haushi.

In tafi da kilishina da yajina?

Yaji da garin kunu ba laifi, kilishi da dambun nama da man shanu a'a, Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi, ƙwacewa za a yi ko har da tara. Abin da za ka ɗauka shi ne 'yar buta ko gora don bayinsu ba ruwa, da kan caja mai ƙafa biyu zagayayyu don soket ɗinsu ba irin namu mai uku ba ne. A wurare da yawa ba a jefa takarda a masai, kwando ake sawa, bututun ƙanana ne.

Tsibirin kutare kuma fa?

Spinalonga kenan, a gabas kusa da Elunda, daga ƙauyen Plaka minti goma ne a kwale-kwale. Mutanen Benis suka gina ganuwarsa a 1579, kuma bai faɗa hannun Turkawa ba sai 1715, shekaru da yawa bayan sauran tsibirin. Daga farkon ƙarni na 20 har 1957 nan ake kai masu cutar kuturta a killace su, ana shiga da su ta wani ɗan rami mai duhu a jikin ganuwa wanda yawancinsu ba su sake fita ta cikinsa ba. Amma a ciki sun yi gari sosai, da shaguna da wurin shan kofi da coci, sun yi aure sun haihu, sun kafa ƙungiya suna neman haƙƙinsu wurin gwamnati. Awa ɗaya da rabi ka zaga shi. Duk wanda ya san yadda ake gudun kuturu a wajenmu jikinsa zai yi sanyi a wurin nan.

Ni Kirista ne, akwai abin da ya shafe mu?

Sosai ma. Nan ne Bulus ya bar Titus ya tsara ikilisiyoyi, kuma jirgin da ya ɗauko Bulus zuwa Roma ya tsaya a gaɓar kudu, wurin da har yau ake kira Kali Limenes. A Gortina akwai kangon tsohuwar majami'ar Titus, kusa da ita kuma bangon da aka sassaƙa dokokin garin tun ƙarni na biyar kafin haihuwar Almasihu, dokokin aure da gado da saki, layi ɗaya daga dama zuwa hagu na gaba daga hagu zuwa dama kamar yadda shanun huɗa ke juyawa. Kan hanyar Faistos take, haɗa su rana ɗaya.

Mota zan haya ko bas?

Babu jirgin ƙasa a tsibirin. Bas ɗin KTEL na haɗa manyan garuruwa, da tsabta da AC kuma yana tashi kan lokaci. Ƙauyuka da tudun Lasiti sai da mota. Hannun dama suke tuƙi kamar mu, nemi lasin na ƙasa da ƙasa kafin ka taso. Al'adarsu a babbar hanya in na bayanka ya fi ka sauri sai ka raɓe gefen titi ya wuce. Awaki na kwanciya tsakiyar kwalta a kan duwatsu ba ruwansu. Za ka ga allunan hanya duk hujin harsashi musamman wajen Sfakiya, kar gabanka ya faɗi, mutanen dutse ne masu son bindiga, a biki ma harbi sama suke yi.

Wane wata ya fi, kuma akwai abin da zan kiyaye?

Mayu da Yuni ko Satumba da farkon Oktoba. Zafin Yuli da Agusta ba zai tsorata wanda ya san Afrilun Sakkwato ba, cunkoso da tsadar otal ne matsalar. Daga Nuwamba wuraren baƙi da yawa rufewa suke yi. Agogonsu na gaban na Najeriya da awa biyu da bazara, awa ɗaya da sanyi. Tsakanin ƙarfe uku zuwa biyar da rabi na rana lokacin ƙailula ne, ban da hayaniya a unguwa. Kar ka ɗauki ko ɗan dutse a wurin tarihi, laifi ne babba. Lambar gaggawa 112.

In Bagirke ya ce maka “ne”, eh yake nufi, a'a kuma “ohi”. Kalimera ina kwana, parakalo don Allah. Sai abu na ƙarshe da ya ba ni dariya, buɗe tafin hannu da yatsu biyar ka nuna wa mutum zagi ne a wurinsu, suna ce masa muntsa, daƙuwa dai sak irin tamu. Ni ban sani ba sai da na ga wani direba ya yi wa wani a shataletalen Iraklio har da hannu biyu, na ce ikon Allah, ashe har nan. Saboda haka in mai kanti ya tambaye ka guda nawa kake so kuma biyar ne, juya bayan hannunka wajensa.